Yadda na koyi karanta takardar maganin Inna

Tun da hawan jini ya kama Innarmu, ni ke riƙe katin asibitinta, ni ke bin layin karɓar magani. Sunan magani ina iya lalubo shi a rubutun tafiyar tsutsa na likita, amma ƙananan haruffan da ke biye da shi, irin su bd da tds, sun daɗe suna shige mini duhu. Ran nan layi ya yi sauƙi, na ce wa mai ba da magani, "Anti, don Allah me waɗannan suke nufi?" Ta ce, "Latin ne, ƙanwata, kawo takardar." Ta juya bayan takardar ta rubuta mini su, ni kuma na kwafe a littafin da nake rubuta awon jinin Inna.

Yawancinsu lissafi ne kawai. Od, wato omni die, sau ɗaya a rana. Bd daga bis die, sau biyu. Tds daga ter die sumendum, a sha sau uku, qds kuma sau huɗu. Mane da safe, nocte da dare, po ta baki. Stat guntun statim ne, a ba mutum nan take. Idan aka ga 5/7 a gefe, kwana 5 ke nan, 2/52 mako 2, duk da waɗannan ba Latin ba ne.

Tds ne ya fi ɗaukar hankalina. A gidaje da yawa sau uku na nufin bayan koko, bayan abincin rana, bayan tuwon dare, ka ga duka ukun sun taru cikin awa 12, dare kuma ya wuce babu komai. Lokacin da aka rubuta wa Inna amoxicillin saboda ciwon haƙori, na tambaya, aka ce maganin kashe ƙwayoyin cuta gara a raba shi kusan duk awa 8. Sai na ɗaura shi da bayan asuba, bayan azahar, da ƙarfe 10 na dare. Inna ba ta duba agogo, amma salla ba ta wuce ta.

Prn kuwa, pro re nata, sai bukata ta taso. Shi ake yawan sa wa maganin ciwon jiki, kuma yana da iyakar da ba a ƙetarewa a rana. Na sha ganin masu jinya suna ɗura shi safe da yamma alhali maras lafiya ko ciwon kai ba ya yi, abin yana damuna ƙwarai.

Haruffan nan suna rikita har ma'aikatan lafiya. A Amurka, tun 2004 hukumar da ke tantance asibitoci ta hana rubuta qd, sau ɗaya a rana, domin ana karanta shi qid, sau huɗu. Shi ya sa kafin in bar taga nake gwada abin da ke takarda da layukan da aka ja a jikin ledar magani. In takarda ta ce bd, leda kuma ta nuna layi uku, ba na matsawa sai an duba.

Gabanin azumi kuma nakan kai littafin wurin likita. Magani mai od da mai bd yakan ce a mayar da su sahur da buɗa-baki. Mai tds ba ya shiga tsakanin magariba da asuba yadda ya kamata, don haka likita ne zai canza shi da wani, ko ya faɗa wa Inna ta ajiye azumin.