Daga sashen kiɗa zuwa nazarin halayyar masu kallo: inda ake tuntuɓe

Ɗalibin da ya bar sashen kiɗa ya koma nazarin halayyar ɗan Adam a kafafen watsa labarai yakan zaci ra'ayoyin masana ne za su ba shi wuya. Ba nan gizo ke saƙa ba. Gwajin Albert Bandura na 1963, inda yara suka kwaikwayi dukan ’yar tsana bayan sun gani a fim, ko bayanin Horton da Wohl na 1956 kan yadda mai kallo ke ɗaukar mai gabatar da shiri tamkar abokinsa, duk a zama ɗaya ake gane su. Ƙididdiga da tsara gwaji ne ke kayar da mutane.

Da wuya a sami fannin a matsayin digirin farko mai zaman kansa. Ta sashen ilimin halayyar ɗan Adam ko na sadarwa ake shigarsa. A Amurka darussan gama-gari suna bin ɗalibi idan ya sauya, amma awoyin da ya kashe yana atisayen kayan kiɗa galibi darussan zaɓi suke komawa. Sannan akwai darussa uku da ake ɗauka bi da bi: gabatarwa, ƙididdiga, hanyoyin bincike. Sai an ci na farko ake barin mutum ya shiga na gaba, shi ya sa wanda ya sauya a shekara ta uku yakan ƙara zango. A Birtaniya wanda ya riga ya gama digirin kiɗa yana iya yin digiri na biyu na sauya fanni, shekara 1, muddin ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta ƙasar ta amince da kwas ɗin. Ko'ina ne dai, a fara duba sakamakon lissafi na sakandare kafin a cike takardar sauyi.

Abin da ɗalibin kiɗa ya fi abokan karatunsa da shi kunne ne, kuma fannin yana buƙatarsa. A 1982 Ronald Milliman ya gwada kiɗa a wani babban kanti a Amurka: mai sanyi, bugu 72 a minti ko ƙasa, da mai sauri, bugu 94 ko sama. Da mai sanyin masu sayayya sun rage saurin tafiya, ciniki ya ƙaru. Wanda ya saba ƙirga bugu ba sai an yi masa dogon bayanin wannan ba.

To, a ce aikin kammala karatu shi ne a gano ko kiɗan da aka ɗora wa bidiyo yana sauya yadda ake kallon mutumin da ke ciki. A ɗauki bidiyo ɗaya na daƙiƙa 60 zuwa 90, a yi masa kwafi biyu, kowanne da kiɗansa. Kuskuren farko: kiɗan biyu sun bambanta a sauri, da kayan kiɗa, da ƙarfin sauti, duk lokaci guda. Idan amsoshi suka bambanta, wanne za a ɗora wa? A sauya abu ɗaya tak, a bar sauran yadda suke. Nan makaɗi ke cin riba, domin zai iya tsara kiɗan da kansa maimakon ɗauko waƙar da wasu suka sani wasu ba su sani ba. Ƙarfin sautin kuwa a daidaita shi da LUFS, ma'aunin ƙarar sauti, a manhajar gyaran sauti ta Audacity, kada a dogara da kunne, don kunne yakan fifita abin da ya fi ƙara.

Kowane mahalarci kwafi ɗaya zai gani, kuma ƙuri'a ce za ta raba su, ba ɗalibin ba. Wanda ya ga duka biyun zai gano manufar, sai ya ba da amsar da yake zaton ana so.

Batun yawan mutane shi ya fi ba ni haushi a ayyukan ɗalibai. Mutum 15 a kowane rukuni ba su isa ba. Don gano bambanci matsakaici da ƙarfin gwaji na kashi 80 cikin 100, wato damar gano bambancin idan da gaske akwai shi, ana buƙatar 64 a kowane ɓangare, 128 ke nan. Manhajar G*Power za ta lissafa maka kyauta. Kada kuma a cika gurbin da tsofaffin abokai na sashen kiɗa, jinsu ba irin na sauran jama'a ba ne.

A nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike kafin a tambayi ko mutum ɗaya, don ba a cika ba da shi bayan an gama tattara amsoshi ba. Wajen lissafi, manhajojin ƙididdiga na jamovi da JASP kyauta ne, kuma sun wadatar idan babu kuɗin sayen manhajar SPSS. Idan ta intanet za a yi gwajin, a sa tambaya kan abin da aka saurara da shi: lasifikar waya tana haɗiye ƙananan sautuka masu kauri, har wanda ya ji da ita da wanda ya sa abin kunne su zama kamar ba kiɗa ɗaya aka kunna musu ba.