Da ta tafi da shi Fatika

Asabar. Wankin da na ci alwashi tun Laraba bai yiwu ba. Famfo ko ɗigo, mai ruwa kuma ya ƙara kuɗin jarka ba ko kunya. Kayan suna nan jibge a baho suna kallona.

Da hantsi Sadik ya faɗo da kwamfutarsa a hammata, ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba. Wai an ba su aiki a makaranta su kwatanta littafin Shaihu Umar da fim ɗinsa, ranar Litinin za a karɓa. Fim ɗin ya samo a wurin abokinsa, littafin kuma ya san ina da shi. Na san halin kayana, ko a sakandare ba karantawa ya yi ba, bayanin malami ya haddace. Na ce sai dai mu kalla tare, don idan littafin nan ya fita gidan nan ba zai dawo ba.

Da na ɗauko shi daga ƙasan akwati, bangon ya rabu biyu. Kullum na riƙe shi sai na yi mamakin ƙanƙantarsa. Abubakar Tafawa Ɓalewa yana malamin makaranta a Bauci ya rubuta shi, shekarunsa ashirin da 'yan kai, don gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933 a Zariya, wadda ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Fim ɗin kuwa Adamu Halilu ya yi shi a 1976, shekara 10 bayan kashe marubucin. Sadik ya ce an daɗe ana zaton ya salwanta, sai a 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar hukumar fina-finai ta ƙasa, aka gyara a Jamus, aka nuna a Balin a 2018. Wannan kaɗai ya sani, kuma sau uku ya maimaita mana.

Minti 142. Inna ta ce ita ba za ta kalla ba, ta jawo tabarmarta tana tsinkar zogale ta ba mu baya. Kafin a kori Makau, mijin uwar Shaihu, daga garin Kagara ta juyo. Ummi tana kan cinyata.

Wuta ta ɗauke wajen rabi, batir ya kai mu ƙarshe da ƙyar.

Da aka gama Sadik ya buɗe littafin rubutunsa yana jero abin da ya kira jigogi: bauta, ƙaddara, haƙuri, neman ilimi. Ya ce duk suna cikin littafin, duk suna cikin fim, shi ke nan aikinsa ya ƙare. Inna ba ta ɗago daga zogalenta ba ta ce, “Kai dai ka cika dogon Turanci da Hausa. Labarin nan abu ɗaya ake ta yi a cikinsa, rabuwa.” Ta shiga lissafawa da yatsa. Uba ya rasu. Makau, mijin uwar, fadawa suka yi masa hassada aka kore shi. Uwa ta tafi ganin gida. Yaro aka sace shi. Ya samu masu riƙonsa, aka sake raba su. Ga shi a Kano, ga shi a bayan raƙumi sai Masar, hannun Balarabe Abdulkarim. Yatsun hannu ɗaya suka ƙare ta koma ɗayan. “Duk wanda yaron nan ya fara sabawa da shi sai an ƙwace masa,” in ji ta.

Sadik ya ce ai wannan ƙaddara ce, yana cikin jerinsa. Inna ta ce ƙaddara Shaihu ne ya kira ta haka bayan ya tsufa yana zaune kan buzu almajirai sun kewaye shi. A je a tambayi uwar.

Nan na ga abin da ya bambanta min su biyun, ban taɓa lura ba sai yau. A littafi muryar Shaihu ce take riƙe da kai daga farko har ƙarshe. Almajiransa a Rauta suka tambaye shi asalinsa, ya fara ba su labari a natse, kai ma sai ka natsu, don ka san mai maganar ya tsira, ya zama malami, ana girmama shi. Ko wahalar uwarsa ta bakinsa kake jin ta, an riga an tace ta da haƙuri. Fim ɗin ma da zaman karatun ya buɗe, Umaru Ladan ne Shaihun, amma da labari ya kankama sai dattijon ya janye ya bar ka da yaro ƙarami da mace ita kaɗai a hanya. Kalmar “aka sayar da ita” a takarda rabin layi ce. A fuskar mutum ba haka take ba.

Kuma hanyar ɗaya ce. Sahara ɗaya suka ƙetare, fataucin bayi ɗaya ya kwashe su. Shi ya kai shi ga allo da limanci, ita ya kai ta bauta a gidan mutane. Ya yi mafarki, ya tashi nemanta, ya same ta a Tarabulus, ba ta daɗe ba ta cika. Littafin sunansa aka sa masa.

Sadik, don kada a ce an kayar da shi, ya jefo tasa: wai shi kansa Makau da muke tausayi, ai daga harin bayi a ƙasar Gwari ya dawo aka yi masa sharrin. Waɗanda ya kamo fa, ba su da uwaye? Inna ta yi shiru. Can ta ce, “Haka zamanin yake,” ta tashi wai za ta duba wuta, alhali ba a ɗora komai ba. Wannan karon na ba yaron gaskiya, amma ban faɗa masa ba, kansa zai kumbura.

Duk wannan ba shi ya hana ni sukuni ba. Ummi ce. Ina tsammanin barci take, sai ta ɗago ta ce, “Mama, me ya sa ba ta tafi da shi ba?” Na ce wa? Ta ce maman yaron, da za ta je garinsu.

Na ce ai kwana kaɗan ta je yi, ta sallami iyayenta a Fatika ta dawo ta ɗauke shi su bi Makau, kuma a hannun amana ta bar shi. Ta ce, “To ai ba ta same shi ba.” Ta koma ta kwanta abinta.

Shekara nawa ina karanta littafin nan, ban taɓa tsayawa a wannan gaɓar ba. Hankalina kullum yana kan kurar da ta cinye ɓarawon da ya sace yaron, da guguwar rairayin da ta binne ayari. Ashe duk abin daga wannan 'yar tafiyar ya taso, irin wadda ba a ko yi mata doguwar sallama. Kowace safiya ƙarfe bakwai da rabi nakan miƙa Ummi gidan Maman Husna in ce ina dawowa, ko waiwaye ba na yi saboda kada mai adaidaita ya wuce. Na san ba zamanin Makau muke ba. Na kuma san abin da ake ji a rediyo game da hanyoyi da makarantun kwana.

Baban Ummi da na gaya masa dariya ya yi, ya ce fim ɗin da ya girme mu ne zai hana ni cin tuwo. Na ci, amma kaɗan.

Sadik ya tafi da littafin. Ban ma ga lokacin da ya zura shi a jaka ba. Ya turo saƙo wai ya goge jigoginsa huɗu ya sa na Inna, yana tambaya ko zai iya rubuta sunanta a matsayin madogara. Inna ta ce ya rubuta, amma ya kawo mata goro.

Ummi ta yi barci a gadona, ban mayar da ita ɗakinsu ba. Gobe in ruwa ya zo, wanki.