Godiya Bayan Kwana Uku na Bishara Ta Hanyar Wasa da Waƙa a Ƙauyenmu

'Yan'uwa cikin Almasihu, da maƙwabtanmu na kusa da na nesa, ina gaishe ku da gaisuwar salama. Ni ne magatakardan kwamitin da ya shirya taron bishara na kwana uku da muka yi a makon jiya, daga daren Juma'a zuwa daren Lahadi, a ƙauyenmu da ke ƙasar Sumaila ta Jihar Kano. Dattawan ikilisiya sun umurce ni in miƙa godiyarsu a bainar jama'a, tunda a bainar jama'a aka yi mana alherin, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka taimake mu sun kama hanyar gida tun da asubar Litinin, ba mu sami damar yi musu sallama yadda ya kamata ba.

Godiya ta farko ta Ubangiji ce, wanda ya kawo baƙinmu lafiya ya kuma mayar da su lafiya, ya sa aka taru aka watse har sau uku ba tare da ko cacar baki ba.

Bayan haka muna gode wa mai girma dagacinmu, Allah ya ja zamaninsa. Tun ana sauran wata guda Baba Fasto da dattawa biyu suka je gaishe shi, ni kuma na bi su da takarda. Da muka zube muka yi gaisuwa, Baba Fasto ya ce, "Ranka ya daɗe, mun zo neman izinin filin masussuka na kwana uku, yaranmu za su yi wasan kwaikwayo da waƙoƙi na koyarwar addininmu." Dagaci ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya yi tambaya ɗaya tak, ko a cikin wasan za a taɓa mutuncin wani ko addinin wani. Muka ba shi tabbacin cewa ba za a yi ba, ya ce to mu je mu yi, filin na kowa ne. Wannan alkawari da muka ɗauka a zaurensa shi ya zama ma'aunin duk abin da aka hau dandali da shi. Maƙwabtanmu Musulmi kuwa sun yi mana abin da ya wuce haƙuri: su suka ba mu aron tabarmi da bencina, wani ma da kansa ya turo amalanke da jarkokin ruwa. Mu ma a namu ɓangaren ba mu kunna lasifika ba sai bayan an idar da sallar isha'i, kuma ƙarfe goma da rabi muke kashewa. Allah ya saka muku da alheri, ya bar zumunci tsakaninmu.

Dole in tsaya a kan iyayenmu dattawan ikilisiya, domin ba cikin sauƙi suka amince ba, kuma ni kaina ina cikin masu ɗari-ɗari da farko. Damuwarmu ita ce kada maganar ceto ta koma abin shashanci, mutane su zo su ƙyalƙyale da dariya su tafi hannu wofi. Wani tsoho daga cikinmu ya tuna mana cewa a ƙasar Kano bishara ta shigo da nauyinta, ta hanyar jinyar masu cutar kuturta a Yadakunya, da asibitin ido na Kano da aka buɗe a 1943, da ajin koyon karatu a gindin bishiya, inda iyayenmu suka haɗa baƙi da baƙi har suka iya karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. Ya ce abin da aka karɓa da irin wannan wahala bai kamata a miƙa shi ga 'yan barkwanci ba. Baba Fasto bai musa masa ba. Ya buɗe littafin Sama'ila na biyu, sura 12, ya karanta yadda annabi Natan ya je wa Sarki Dawuda da labarin matalaucin da aka ƙwace wa 'yar tunkiyarsa ɗaya tilo, har sarki ya fusata ya yanke hukunci kafin ya gane cewa da shi ake. Sannan ya tuna mana cewa Ubangijinmu Yesu da misalai ya koyar da taron jama'a, na mai shuka da na makiyayi da na macen da ta ɓatar da kuɗinta. Ya ƙara da cewa har yau yawancin tsofaffin matanmu ba sa karatu, amma babu wadda ba ta gane labari in an nuna mata shi. A kan haka dattawa suka yarda, bisa sharaɗin cewa za su ga gwajin kowane wasa kafin a fito da shi. Sun kuwa zauna dare biyu a majami'a suna kallo, suna gyara.

Abu ɗaya suka hana, shi ne garaya. Matasa sun so a sa ta cikin kiɗa, suna cewa kaya ne kawai, abin da aka rera da shi ne abin dubawa, kuma maganarsu tana da hujja. Amma kakanninmu Maguzawa ne, kuma akwai waɗanda ke raye a cikinmu da suka taso suna jin garaya a wajen bori, sautinta kaɗai yakan mayar da su inda suka baro. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A ganina dattawa sun yi daidai, kuma ina yaba wa matasanmu da suka ajiye ta ba tare da ɓacin rai ba, suka riƙe kalangu da ganga da sarewa.

Yanzu sai baƙinmu 'yan wasa da suka taso daga ƙasar Zazzau a motar haya, da kayansu a ɗaure a bisa, suka ƙi karɓar komai sai kuɗin mai. Tun daga hawansu dandali shugabansu ya buɗe da wasan da ke tsakanin Kanawa da Zagezagi, dattawanmu suka mayar masa da martani daga kan benci, nan take baƙunta ta gushe. Ban dariyarsu irin ta 'yan kama ce da muka sani tun muna yara, sai dai duk a kanmu Kirista suka juya ta. Sun kwaikwayi mutumin da barci ke ɗauke shi daidai lokacin da kwanon baiko ya iso layinsa, da matar da ke zaga gidaje da sunan aron daddawa tana kwasar magana daga wannan tsakar gida zuwa wancan. Kowa ya san irinsu a ikilisiyarsa, wasu ma sun ga kansu.

Wanda ya fi zauna mini a rai shi ne na daren Juma'a. Sun kafa ɗan rumbu na zana a tsakiyar fili, maigida yana saɗaɗowa da tiya a ƙarƙashin riga, yana ɗiban dawa yana kai wa mashaya, kullum kuma da sabuwar ƙaryar da yake yi wa uwargida, yau ɓera ne, gobe gara ce, jibi rumbun ne ke yoyo. Yadda yake tangaɗi yana rantsuwa cewa daga gona yake ya sa mutane suna riƙe ciki don dariya. Can sai uwargida ta zura hannu cikin rumbun har kafaɗa, ta fito da shi babu ko ƙwaya, wata 'yar yarinya kuma ta ja zanenta ta ce, "Inna, yau ma ba tuwo?" Filin nan ya yi tsit kamar ruwa ya ci kowa. Babu wanda ya hau ya yi dogon wa'azi bayan haka. Mai bishara ya yi magana ta minti biyar kacal a kan bautar da zunubi ke sa mutum da 'yancin da ke cikin Almasihu, aka yi addu'a. A nan ne tsorona na farko ya kau, domin na ga da idona cewa dariyar ce ta sa mutane suka saki jiki har gaskiyar ta same su ba shiri.

Daren Asabar na matasanmu ne, waɗanda suka yi mako shida suna gwaji bayan sun dawo daga sussuka a gajiye. Sun ɗauki misalin ɓataccen ɗa da ke cikin Luka sura 15 suka sa masa rigar ƙauyenmu. Ƙanen ya matsa wa mahaifinsa a raba gona, ya sayar da rabonsa ya sayi babur ya nufi Legas, abokai suka cinye kuɗin suka watse, ya ƙare a kiwon aladun wani yana haɗiyar yawu a kan dusarsu. Daidai lokacin da ya juyo gida cikin tsumma, janareton da muka ɗauko haya ya yi tari sau biyu ya mutu, fili ya yi baƙi ƙirin, lasifika ta ɗauke. Ina tsaye kusa da shi ina jan igiya, zufa na keto mini duk da sanyin hunturu, ina jin yara sun fara ihu, wasu sun fara naɗe tabarma. Sai wani ɗan acaɓa da ya kawo fasinja daga ƙauyen gaba ya tayar da babur ɗinsa ya haska dandali, 'yan'uwansa suka bi sahu, suka jera babura a gefen fili. Cikin wannan haske, da hazo yana yawo a cikinsa, mahaifin ya hango ɗansa daga nesa, ya yar da sandarsa ya ruga a guje, babbar riga tana harɗe masa ƙafa, ya rungume shi tun kafin yaron ya gama cewa, "Baba, ban isa a kira ni ɗanka ba." Babu makirifo, amma har na bayan fili sun ji, saboda shirun da aka yi. Yawancin waɗannan 'yan acaɓa ba 'yan ikilisiyarmu ba ne, sun ƙona mansu kusan rabin sa'a, kuma da muka bi su da kuɗi suka ƙi karɓa. Ban san sunayenku duka ba, amma Allah ya san ku, ya tsare ku a kan hanya, ya buɗa muku.

Ina kuma jinjina wa saurayin da ya fito a matsayin wan, wanda ya dawo daga gona da fartanya a kafaɗa ya tarar an yanka turkakken rago ana kiɗa, ya ƙi shiga gida. Ya yi fushin nan yadda da yawa daga cikinmu da muka daɗe a ikilisiya muka ji kunya, domin mun san wannan fushin a zuciyarmu. Washegari bayan sujada wani dattijo ya riƙe hannun Baba Fasto a ƙofar majami'a, ya nemi a taya shi kiran ɗansa da suka shekara huɗu ba sa magana. An kira, yaron ya ɗauka. Abin da suka faɗa wa juna nasu ne, mu dai muna roƙon ku ci gaba da sa wannan gida a addu'a.

Iyayenmu mata na zumunta, wato ƙungiyar matan ikilisiya, sannunku da ƙoƙari. Ku kuka riƙe daren Lahadi, da anko ɗinku da tulu da shantu da caki, Mama shugaba tana bayarwa kuna amsawa, kuma waƙoƙin da kuka tsara da kanku a kan haihuwar Mai Ceto har yau yara na rera su a hanyar rijiya. Ku ɗin ne kuma kuka kwana a gindin murhu kuna tuƙa tuwon dawa da miyar kuka na baƙi, kuka tashi da asuba kuka dama kunun tsamiya. Mawaƙan ƙungiyar bishara ta Sabon Rai na ikilisiyoyin da ke kewaye da mu sun zo a ƙafa da gangunansu, kamar yadda masu wannan hidima suka saba zaga ƙauyuka tun shekarun 1960, kuma su suka raka masu neman addu'a zuwa rumfar da aka keɓe, ba tare da an matsa wa kowa ko an kira sunan kowa a lasifika ba.

'Yan Birged maza da mata, wato ƙungiyar matasan ikilisiya, sun tsara zama sun kula da yara, 'yan sintirin gari sun kwana a waje cikin sanyi, 'yan'uwanmu da ke aiki a Kano da Wudil sun aiko da gudummawa, manoma kuma sun kawo damin dawa da na gero. Ubangiji ya mayar muku da ninkinsa.

Muna neman gafarar gidajen da ke daf da fili, musamman masu jarirai da marasa lafiya, in ƙarar ganga ta hana su barci, da kuma baƙin da suka kwana a ajin makarantar Lahadi ba tare da isassun barguna ba. Wannan gazawar kwamiti ce, mun kuma rubuta ta domin gyara. Za a karanta lissafin kuɗin da aka tara da yadda aka kashe shi ranar Lahadi mai zuwa bayan sujada. Waɗanda suka ba da sunansu suna son a ziyarce su, Baba Fasto da dattawa za su fara zagayawa daga ranar Laraba da yamma, gida-gida, sai inda maigida ya yarda. Tabarmi da bencinan aro duk an mayar, in akwai wanda nasa bai iso ba ya sanar da ni. An kuma tsinci mayafai biyu da tocila da takalmin yaro ƙafa ɗaya a filin, suna gidan fasto, mai su ya zo ya karɓa.

Magatakardan kwamitin bishara, a madadin dattawan ikilisiya.