Asabar ɗina a ƙarƙashin bonet

Kowace Asabar, da na dawo daga sallar asuba na karya kumallo, sai in fito da motar daga rumfa zuwa gindin darbejiyar ƙofar gidanmu a wajen Ƙofar Marusa, in shimfiɗa kwali, in baje sifanoni. Kafin ƙarfe 11 na tattara, don ranar Katsina idan ta ɗaga ko sifana ba ta taɓuwa.

BMW ce 325i mai ƙofa biyu, ƙirar 1994, cikin jerin da ake kira E36. Injinta silinda shida ne a layi ɗaya, lita 2.5, giyar hannu biyar, kuma tayoyin baya ne ke tura ta. Na saye ta a hannun wani dattijo da ya jingine ta shekara uku a bayan gidansa. Tayoyin sun zauna, rufin ciki ya zazzago har yana taɓa kai, ƙura ta yi mata bargo. Amma da muka sa batir muka zuba sabon mai ta tashi, na ji wannan sautin mai santsi, a nan take na san ba zan tafi in bar ta ba.

Wata biyu bayan nan ta nuna mini inda ciwonta yake. Cikin Afrilu ne, ina kan hanyar Daura da azahar, na ɗan wuce Mashi, sai na ga allurar zafi ta bar tsakiya tana hawa. Kafin in sauka gefen titi tururi ya turnuƙe gilashin gaba. Wuyan lagireto ne ya ɓalle, inda babban tiyo yake shiga. Roba ce, ta tsufa, na taɓa ta da yatsa ta marmashe kamar ƙuli-ƙuli. Allah ya taimake ni na kashe injin da wuri, domin kan wannan injin na alminiyam ne, zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya lanƙwasa shi ya ƙona gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa.

Da aka jawo ta gari na kai ta wurin tsohon makanikinmu, wanda tun Peugeot 504 ɗin mahaifina shi ke duba mana mota. Ya leƙa, ya goge hannu, ya ce, "Yaro, motocin nan don ƙasar sanyi aka yi su. A cire tamostat a yar, a haɗa fanka kai tsaye, ka huta."

Na ce, "Baba, a yi mini haƙuri, a bar mini shi a ciki."

Ya dube ni ya daɗe. Ba abu ne mai sauƙi ba ka musa wa wanda ya girmi ubanka a sana'a, kuma na san dalilinsa. Ya ga tamostat da yawa sun maƙale a rufe sun kashe injin mutane, shi kuma aka ɗora wa laifi. Sai dai ni ban yarda cewa cirewar magani ce ba. Aikin tamostat shi ne ya tsare ruwa har injin ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wajen digiri 90, sannan ya buɗe hanya zuwa lagireto. Idan babu shi, da safiyar hunturu sai ka je Batagarawa ka dawo injin bai ɗumama ba. Kwamfutar motar kuwa muddin tana ganin injin da sanyi, ƙara masa fetur take yi. Filogi su yi baƙi, baƙin mai ya tsinke, tanki ya riƙa zurarewa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, wa ke da fetur ɗin zubarwa? Kuma idan mota tana zafi alhali tamostat ɗinta lafiya lau, to akwai abin da ya lalace a wani wuri, cirewar ɓoye shi kawai take yi.

Haka na kwashe Asabar huɗu a kan ruwa kaɗai. Na je Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, amma lagireto da famfon ruwa sababbi na nema, ban ɗauki na Kwatano ba, don roba mai shekara 30 ko daga ina ta zo tsohuwa ce. Da na ciro tsohon famfon sai na tarar farfelarsa ta roba ta tsage, tana juyawa a banza a kan sandarta. Ashe ita ce asalin ɓarnar. Na sa mai farfelar ƙarfe, gidan tamostat ma na canza shi da na alminiyam. Wurin kwance fankar gaban injin kuwa Baba ne ya cece ni. Ya biyo ta ƙofar gida da kansa, ya karɓi sifana mai lamba 32, ya nuna mini cewa wannan notin a baibai yake, ta dama ake kwance shi. Bai sake tayar da maganar tamostat ba, ni ma ban tayar ba.

Abin da ya fi cin haƙuri shi ne fitar da iskar da ta maƙale a hanyar ruwan injin. Ka ɗaga gaban motar, ka murɗa hita zuwa ƙarshen zafi, ka sassauta ɗan sukurun robar da ke kusa da murfin lagireto, ka riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan. Ɗana na fari, mai shekara 9, shi na sa ya tsuguna yana kallon ramin. "Abba, har yanzu yana kumfa." Sai da ya ce ya daina sannan na ɗaure, a hankali, don sukurun ba ya son ƙarfi. Ruwan rijiya kam ba na zuba mata, na ga farin dattin da ya bari a tsohon lagireton. Ruwan sanyaya inji nake haɗawa da tataccen ruwa, rabi da rabi.

Samarin unguwa suna tsayawa su tambaye ni yaushe zan zaunar da ita ƙasa, in sa manyan rim da salansa mai ƙara. Ba zan yi ba. Da tudun rage gudun da ke titunanmu, motar da aka zaunar cikinta za ta riƙa gogawa, kuma ba na son in tashi maƙwabta daga barci. Kwaskwarimar da na yi mata duk a ɓoye take: shokozoba sababbi, bushin na ƙafafun baya, tiyon birki. Amfaninsu sai a kwana ake jin sa, lokacin da ta bi sitiyari ba tare da bayanta ya yi rawa ba.

Makon jiya na koma Daura da ita, da azahar kamar wancan karon, uwargida a gefe, yara a baya. A daidai inda ta taɓa tsayar da ni na rage gudu na dubi allura, tana nan daram a tsakiya. Asabar mai zuwa rufin ciki zan sauke. Na riga na sayo yadi da gam, saura in samu wanda zai kama mini ɗaya gefen mu fito da shi ta ƙofa ba tare da ya karye ba.