Kitsen rago da bokitin ƙanƙara

Ina koyar da kimiyyar halittu a wata kwaleji a nan Damagaram. Idan muka iso darasin yadda dabbobi ke riƙe ɗumin jikinsu, fok ce ke ba ni aiki, wato dabbar tekun nan mai shayarwa, mai gashin baki, wadda ke jan ciki idan ta fito tudu. Da yara sun ga hotonta sai su ce ayu ne. Ayu kuwa ciyawar ruwa yake ci, ita fok farautar kifi take yi, danginta na nesa su kare ne da beyar.

Bana, don yara su ga yadda kitsen jikin fok ke tare mata sanyi, na ajiye alli na nufi Kasuwar Dole. Mahaucin da na ce ya tara mini kitsen rago zalla ya dube ni ya ce, "Malam, suya za a yi ko magani?" Na ce karatu za a yi.

Aikin ba wuya. A yayyanka kitsen, a kirɓa shi a turmi har ya yi laushi, a zuba cikin leda. Sai a zura wata ledar a tsakiya, a matsa kitsen ya kewaye ta, kaurin yatsa biyu ta kowane ɓangare. Yaro ya sa hannun dama a nan, na hagu a leda biyu da babu komai tsakaninsu, ya tsoma duka cikin bokitin ruwa da ƙanƙara. Ana soma ƙirge ake fizge hagu ana yarfe shi. Dama kuwa tana ciki, mai ita yana waige-waige yana dariya.

Wurin da ake lura shi ne bakin yatsu. In kitsen ya zame daga nan, sanyi ya samu ƙofa, yaro kuma zai rantse cewa ƙarya ce. A yi da safe tun ƙanƙara ba ta narke ba, kuma kada a bar masu taurin kai su yi gasar juriya da hagun.

Sai da hannunsu ya shaida sannan na kawo lissafi, kuma a lokacin ne ya zauna. Akwai wata fok a tekun arewa, mai jaka a hanci, da ke shayar da ɗanta kwana 4 kacal a kan ƙanƙara. Kusan kashi 60 cikin 100 na nononta mai ne, na saniya kuwa wajen kashi 4. Yaran da suka san wahalar kaɗa nono kafin a ga man shanu ba su buƙaci ƙarin bayani ba.

Wata yarinya daga bayan aji ta ɗaga hannu. "Mushe, to idan ta fito rana fa, ba za ta dahu ba?" A ganina wannan tambaya ta fi darasin da na shirya. Ƙafafunta masu faɗi ba su da kitse sosai, can take tura jini zafi ya fita, ko ta koma ruwa. Tambayar ce kuma ta kawo mu Afirka, domin ba a ƙanƙara kaɗai suke zaune ba. A gaɓar Ras Nuwadibu, iyakar Muritaniya, akwai garken wata irin fok da ta kusa ƙarewa a duniya. Tun ƙarni na 15 Turawan Fotugal suka soma kashe su don mai da fata. Yau cikin kogunan dutse na bakin teku suke haihuwa, inda igiyar ruwa ke kwashe jarirai idan teku ta fusata. A 1997 kusan biyu cikin uku na garken suka mutu cikin 'yan watanni, ana zargin gubar wasu ƙananan tsirran ruwa ko wata cuta. Da aka keɓe gaban kogunan, aka shawo kan masunta suka janye tarunsu daga wurin, adadin ya tashi daga wajen 100 har ya haura 300. 'Yar'uwarta ta tekun Karibiyan ba ta samu wannan gata ba, rabon da a gan ta tun 1952.

Wanda zai gwada ya tanadi ruwan ɗumi da omo a bakin ƙofa, domin ledar takan fashe, kitsen rago kuma ba ya fita daga littafi.