Jarkar Ruwa a Hanyar Hijira

Tun da na zo Madina aiki a wani ɗakin ajiyar dabino, yawona bai wuce wurin aiki da Harami da ɗakin da muke kwana ni da wasu 'yan Arewa ba. Saboda haka da wani abokin aikina Balarabe ya ce ƙungiyarsu ta masu tafiyar ƙafa za ta bi hanyar Hijira a lokacin sanyi, na ba da sunana tun kafin in tambayi nisanta. Hanya ce ta fiye da kilomita 400, wadda ta tashi daga Kogon Saur a kudancin Makka, ta karkata wajen teku, ta ratsa Usfan da Ƙudaid inda hemar Ummu Ma'abad take, sannan ta shiga duwatsu har Ƙuba. Manzon Allah (SAW) da Sayyidina Abubakar sun bi ta a shekarar 622 a kan raƙuma, da ja-gorancin Abdullahi bin Uraiƙiɗ, wanda ya kauce wa hanyar fatake don kada Ƙuraishawa su cim musu. Wannan kaucewar ce ta sa har yau yawancinta jeji ne.

Kwanakin farko rairayi ne ke cinye ƙarfin mutum, domin kowane taku sai ƙafa ta nutse. Da muka shiga yankin baƙaƙen duwatsu kuma, sai tafin ƙafata ya yi bororo, bororon ya fashe, safa ta manne da ciwon, har ya zama cire takalmi don alwala ya fi mini tafiyar zafi. Da dare sanyi yana ratsa tanti, da asuba kuwa sharaɓa ta sandare, sai na yi ɗingishi na kusan sa'a guda kafin jiki ya sake. Duk wannan na ɗauke shi da haƙuri, tun da kowa a ayarin yana fama da nasa.

Abin da ya tsaya mini a rai ya faru ne a wata mashigar dutse da motar kayanmu ba ta iya bi, inda ya zama dole a ɗauki ruwa a hannu. Wani dattijo a cikinmu ya jawo babbar jarka ya ajiye a gabana, ya dafa kafaɗata, ya ce a gaban jama'a ai Takari ba sa gajiya, kakanninsu da ƙafa suka zo daga ƙarshen duniya. Aka yi dariya ta jin daɗi. Na san yabo yake nufi, kuma kaina ya ɗan kumbura a lokacin, amma yabon nan shi ya rufe mini baki. Na saɓa jarkar na haura dutsen ina haɗiye numfashi don kada a ji nishina, alhali wani saurayi da bai kai ni ciwo ba ya zauna ya ce ya gaji, aka miƙa masa dabino da gahawa. Haka abin yake a wurin aiki ma, domin duk buhun da ya fi nauyi mu ake kira, kuma da irin wannan murmushin.

Da Larabcina ya isa, da na ba dattijon nan labarin ƙanen kakana, wanda ya bar ƙasar Haɗeja da niyyar Hajji tun ba a haifi mahaifina ba. A wancan zamani mutanenmu suna bi ta Maiduguri da Abeshe da Fashir da Ubayyid, kuma shekaru suke yi a hanya, su yi noma inda damina ta riske su, su yi ƙwadago su nemi guzuri, wasu su mutu a binne su a gefen hanya. Da yawa sun tsaya tsinkar auduga a gonakin Jazira da aka buɗe a 1925, ko suka zauna a Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, ba su taɓa ganin tekun Suwakin ba. Labarin ƙarshe da danginmu suka ji game da shi daga can Sudan ya zo. Mutane ne masu gajiya, kuma idan sun gaji suna sauke kaya su huta.

Na isa Ƙuba da ƙafata, ban hau mota ko sau ɗaya ba, kuma ina alfahari da haka. Na yi raka'a biyu a masallacin ina kuka, sannan na aika hoto gida.

A nan wata damuwar ta soma. Ni ɗan fari ne, don haka Inna ba ta tambayata abu kai tsaye, sai ta bakin ƙanwata. Saƙon da ya zo shi ne, "Yaya, Inna ta ce a tambaye ka, kuɗin mota ne babu?" Ta ji daga alhazan unguwarmu cewa tun 2018 akwai jirgin ƙasa da ke kai mutum Madina daga Makka cikin ƙasa da sa'o'i uku, saboda haka a lissafinta mutum mai aiki ba zai taka wannan nisa da ƙafa ba sai in an kore shi. Na yi bayanin lada da tarihi, ƙanwata ta ce ta isar, Inna kuma ta yi shiru. Bayan kwana kaɗan Kawu ya kira ni, ya yi doguwar gaisuwa, sannan ya ce, "Ɗana, idan zaman ya ƙi, gonar mahaifinka tana nan, ba abin kunya ba ne." Na rantse masa ina kan aikina, ya ce to, da muryar wanda bai yarda ba. A ƙarshen watan sai da na ranci kuɗi a hannun abokin ɗakina na ƙara a kan abin da na saba aikawa, har da kuɗin makarantar ƙanena na zangon da bai zo ba.