Yadda munka kwashe da kiyashi a kicin ɗina

Wallahi da a ce wani ya gaya min wai wata rana zan zauna in yi dogon rubutu a kan kiyashi da na yi mai dariya, amma ga shi yau ni ce. Alkaki ne ya jawo komi. Bikin ƙanwata anka yi cikin bazarar da ta wuce, ni anka ɗora wa kayan gara tunda ni ce babba kuma ni ke nan cikin Birnin Kebbi kusa da gida, kwana biyu cur muna tuya ni da maƙwabciyata, alkaki da dubulan da nakiya, munka tsoma alkakin a ruwan suga ya sha ya yi kyau, munka jera cikin manyan robobi munka rufe, ko in ce munka ɗauka mun rufe. Da asuba na shiga kicin in ɗora ruwan zafi, ina haska fitilar waya sai na ga wani jan zare ya taso daga bayan kabad ya bi gindin bango ya hau ƙafar tebur ya shige ƙarƙashin murfin roba. Na buɗe. Innalillahi. Alkakin nan kamar an barbaɗa mai jan barkono, kuma barkonon yana tafiya.

Ranar kuka ne kawai ban yi ba. Munka shanya tabarma a tsakar gida munka baza alkakin a rana, kun san ranar Kebbi ta watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40, ba a yi awa guda ba sunka watse, amma na cikin ramukan alkakin sai da munka bi ɗaya bayan ɗaya muna kakkaɓewa, roba guda kam haƙura munka yi da ita don ba ni kai wa surukan ƙanwata abin da za a gutsura a ga ƙwaro ciki, abin magana har jikoki.

Bari in bambance tukun don na lura mutane na haɗa su duka su ce tururuwa. Kiyashi su ne 'yan mitsi-mitsin nan jajaye ko ruwan ƙasa da ke bin suga da mai. Shazumamu ya fi su girma da dogayen ƙafafu, shi galibi da dare yake fitowa, sunan shi ma ya tona mai asiri. Cinnaka kuwa baƙi ne mai cizo, wanda ake ma kirari ba ka san na gida ba. Ni nawa yaƙin da kiyashi ne, shazumamu ɗan rakiya ne kawai.

Abin da na fara yi shi ne abin da kowace mace za ta yi cikin fushi, na aiki yaro ya sawo min fiya-fiya na yayyafe kicin tas, gindin bango da bayan kabad da ƙarƙashin sinki, na bi da kananzir a bakin ƙofa. Sun mutu kam, na share su da tsintsiya har da tari, na ji daɗi na ce na gama da ku. To garin tuwona ya kwashi wari sai da na zubar da rabin kwano, ƙaramar ɗiyata ta kwana tana tari, ni kaina kaina ya yini yana sarawa. Kwana uku ba su cika ba sai ga su sun dawo, kuma wanga karon layi biyu ne, ɗaya ta tsohuwar hanya ɗaya ta wajen taga. Ashe abin da ke cikin fiya-fiya galibi maganin ƙwarin gona ne da masu shagon kayan noma ke ce ma DDVP, kuma tun 2019 NAFDAC ta hana a riƙa sayar da irin shi barkatai a kasuwa don ba a yi shi don ɗaki ba balle wurin abinci. Don Allah mata mu daina zuba abin nan a kicin, ni dai na tuba.

Ƙanin maigida ne ya buɗe min ido, shi harkar noma ya karanta, ya zo cin tuwon dare ya tarar da ni duƙe ina murtsuke su da soso. Ya ce Anti wahalar banza kike yi, waɗanga da kike gani 'yan aike ne, masu gidan na can cikin rami ko cikin bulo, sarauniya na zaune ba ta fitowa aikinta ƙwai kawai, ki kashe ɗari yau ta maye gurbinsu. Ya ce kuma wasu irin ƙananan ba sarauniya guda gare su ba, da yawa ne a gida ɗaya, in kin fesa musu magani mai ƙarfi sai su tsorata su rabu, wannan ta ɗebi nata ta koma wani lungu waccan ma haka, gida ɗaya ya zama uku. Nan na gane inda layina na biyu ya fito, ashe da kuɗina na sawo musu ƙarin gida.

Sai ya nuna min wani abu da har yau yake burge ni. Ya sa yatsa ya goge tsakiyar layin a kan tayil, nan take sunka rikice, na baya su zo daidai wurin su tsaya su yi ta dawurwura kamar an ɗauke musu gada. Ya ce ba da ido suke bin hanya ba, da ƙanshi ne. Guda ɗaya ke fita yawon nema, in ta dace da abinci sai ta koma gida tana shafa wani sinadari a ƙasa, saura su biyo shi, kowace ta bi ta dawo ta ƙara nata, shi ya sa ɗigon shayi guda da yaro ya zubar kan ya tara jama'a cikin ɗan lokaci. Kenan in kin share su da busasshiyar tsintsiya titin na nan ba ki taɓa shi ba. Ruwan omo ke wanke shi, ko ruwan kal da anka surka da ruwa rabi da rabi, ko lemun tsami in shi ke kusa.

Washegari na yi abin da ban taɓa yi ba, maimakon in kashe su sai na bi su. Na duƙa da fitila ina bin layin baya baya, maigida ya leƙo ya ce lafiya dai ko, na ce ka bar ni bincike nake. Daga tebur zuwa bayan kabad, daga nan zuwa inda bututun ruwa ya huda bango, ashe mai aikin famfo bai cike gefen ba ya bar wata 'yar kafa da ko tsinken tsintsiya da ƙyar zai shiga. Na zagaya waje na ga sun ɓullo ta can sun gangara har gindin randa inda ƙasa ke da sanyi kullum. Hausawa sunka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to kiyashi ko tsagewar ba ya jira, zanen tsagewa ma ya ishe shi. Layi na biyu kuma reshen gwaiba ne da ya jingina da taga, ganyen duk darɓa, ashe wasu ƙananan ƙwari ne ke tsotsar ganyen suna fitar da ruwa mai zaƙi, su kuma kiyashin na kiwonsu kamar yadda Bafulatani ke kiwon saniya don nono. Ikon Allah. Reshen dai a ranar anka sare shi.

Wani abin da ban sani ba da, ba suga kawai ke kawo su ba, da bazara ƙishirwa ce, shi ya sa za ki gan su a bakin famfo da jiƙaƙƙen soso da gindin tulu ko babu abinci ko kaɗan. Da damina kuma in ruwa ya cika musu rami su kwaso ƙwai su shigo ɗaki neman tudu. Azumi kuwa ba a magana, ga dabino ga kunu ga zoɓo ga ɓawon kankana, kowa ya gaji bayan tarawi a bar kwanuka sai sahur, biki kenan.

Maganin da ƙanin maigidan ya ba ni shi ne boraks, farin gari ne, ya ce in tambaya wurin masu sayar da kayan haɗa sabulu. Rabin ƙaramin cokali na shayi a kofi guda na ruwan ɗumi da suga kamar babban cokali 3, a motsa ya narke, a jiƙa auduga a ajiye kusa da hanyarsu. Na ce rabin cokali kawai, ai gara in zuba da yawa su mutu da wuri. Ya ce a'a Anti nan mutane ke kuskure, in ya yi yawa ko su ƙi sha ko su mutu a hanya, so ake su sha su koma gida da ransu, don su in sun sha abu ajiye shi suke a ciki su je su ba 'yan uwa da tsutsotsinsu da sarauniya baki da baki, ta haka maganin ke isa inda hannunki ba ya kaiwa.

Nan fa Inna, uwar maigida, ta ji zancen. Ta kira ni ɗakinta ta ce ke ɗiyag ga, mi sunka yi miki da za ki ba su guba har gida, ba ki san an hana kashe tururuwa ba? Kuma gaskiyarta, akwai hadisin da ya hana kashe tururuwa da ƙudan zuma da alhudahuda da wani tsuntsu, ga kuma sura guda cikin Alƙur'ani da sunanta, Suratun Namli, inda ta gargaɗi 'yan uwanta su shige gidajensu kada rundunar Annabi Sulaimana ta tattake su. Jikina ya yi sanyi wallahi. Sai da na tambayi malamarmu ta Islamiyya ta ce malamai sun yi bayani cewa wadda ke cutarwa tana ɓata abinci babu laifi a kawar da ita, abin da ba a so shi ne kisan banza da ƙonawa da wuta. Na gaya ma Inna ta ce to, amma na gindin bishiyar waje ki bar su su ci arzikinsu. Na ce na ji Inna, kuma na bar su ɗin, dama ba su taɓa min komi ba.

Abin da ya fi wuya a duk aikin nan shi ne haƙuri. Ranar farko audugar nan ja zur ta yi da su, sun fi na ranar alkaki yawa, hannuna har ƙaiƙayi yake in ɗauko ruwan zafi in sheƙa musu, sai in tuna an ce kada ki taɓa su kada ki goge wannan layin kada ki fesa komi kusa, in juya in fita daga kicin ɗin. Kullum ina sabunta audugar don in ta bushe ba su sha. Wajen kwana huɗu layin ya fara sirancewa, sai kuma na ga wasu sun yi banza da ruwan sugan sun koma ma kwalbar man gyaɗa, na kira ƙanin maigida a waya ya ce haka suke, wani lokaci zaƙi suke so wani lokaci maiƙo, na kwaɓa ɗan tunkuza da ɗigon ruwan maganin na ajiye musu gefe. Kafin sati biyu sai ɗai-ɗai. Sannan ne na wanke ko'ina da ruwan omo, anka kwaɓa siminti anka toshe gefen bututun da tsagar gindin taga. Kada ki toshe tun farko, bari su gama jigila tukun.

Amma ku ji da kyau masu ƙananan ɗiya, boraks ba abin wasa ba ne, ruwan suga ne a idon yaro. Ni cikin 'yar robar magani da ta ƙare na sa audugar, na huda murfin da ƙusa na murɗe shi tam na tura can bayan kabad inda hannu ba ya kaiwa, kaji da kyanwa ma haka, sauran garin kuma na rubuta a jikin ledar na kulle a durowa don kamarsa ɗaya da bakar hoda ta girki ko gishiri mai laushi.

Su kanumfari a cikin suga da toka a bakin ƙofa da allin nan na ƙwari duk na gwada. Kanumfari na ɗan rage su amma in yunwa ta yi yunwa haurawa suke, kuma shayin maigida ya koma ƙanshin yaji har ya yi ƙorafi. Toka tana tare su har sai iska ta kwashe ta ko ruwa ya taɓa ta. Allin kuwa shi ma guba ne kuma yara na ɗaukar shi allin makaranta, ban sake sawo shi ba. Abin da ya zauna min shi ne kwalba mai murfin murɗawa, suga da madara da mazarƙwaila duk sun bar leda, don leda ko kin ƙulle ta sau uku suna samun hanya, kuma ina goge gindin kwalbar don nan danƙon ke maƙalewa. Kwanuka ba su kwana, bokitin shara waje yake kwana, soso a matse a rataye.

Zuma kuwa dabarar kakata na koma ma, a zuba ruwa a faranti a dasa kwalbar tsakiya, ba su iya tsallake ruwa. Wata uku lafiya lau, har na fara yi ma maƙwabta wa'azi. Shekaranjiya da safe na tarar da su sun yi layi har wuyan kwalbar, na tsaya ina mamaki ko sun koyi iyo ne, ashe 'yar autata ce ta sha zuma a ɓoye ta jingina cokalin daga bakin faranti zuwa jikin kwalbar.